Darasin Kimiyya: Zanen Yatsa da Shaidar Mutumin da Ba Shi da Matsuguni

Ɗalibai, darasinmu na yau ya haɗa ilimin jikin ɗan Adam da ilimin haske da ɗan lissafi. Za mu duba fatar yatsa mu ga yadda zanen da ke kanta yake samuwa, yadda na'ura take karanta shi, da dalilin da ya sa take kasa karanta na wasu mutane. Daga nan sai mu kai abin da muka koya ga wata matsala da muke wucewa ta gefenta kullum, wato mutanen da ke kwana a tasha da ƙarƙashin gada da rumfunan kasuwa da sansanonin gudun hijira, waɗanda ba su da ko guntuwar takarda da za ta nuna ko su wane ne. Kowa ya fito da fensir da farar takarda. Salatif da kofin gilashi suna kan teburina, za mu yi aiki da su nan gaba.

Matsalar da muke son fahimta

A Najeriya hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ce ke ba mutum lambar shaida mai alƙaluma 11 da ake kira NIN. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da wannan lamba. Daga 2021 hukumar JAMB ta daina yi wa ɗalibi rajista sai da ita. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin asusu ma sai an haɗa shi da NIN ko lambar shaidar banki ta BVN. To ku ɗauki mutumin da ke kwana a tasha, Allah ya buɗa masa ya sami aikin gadi a wani kamfani. An ce albashi ta banki ake biya. Banki ya ce kawo lamba. Wurin lamba an ce cike adireshi, a kawo kuma wata takarda da za ta goyi bayan sunanka da shekarunka. Shi kuwa ba ɗaki, ba takarda. Nan aikin yake kufce masa. A ƙiyasin Bankin Duniya na 2021, kimanin mutum miliyan 850 a duniya ba su da shaida ta hukuma, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa samar wa kowa shaida cikin muradun da take son cimmawa nan da 2030.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun taɓa mallakar takardu. Takarda zaren itace ne da aka niƙa aka matse aka shanya. Zaren nan yana shan ruwa, idan ya sha sai ya kumbura ya saki juna, tawada ta narke, fumfuna ta hau. Gumin aljihu kaɗai ya isa ya cinye takarda a damina ɗaya. Ku tuna ambaliyar Maiduguri ta ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Wanda ya fita cikin dare ruwa iya ƙirji, yaro a wuya, ba ta takardar haihuwa yake yi ba. Saboda haka masana suka nemi shaidar da ruwa ba ya wankewa, ɓarawo ba ya zarewa daga aljihu. Suka same ta a jikin mutum.

Yadda zanen yake samuwa

Kowa ya kalli cikin babban yatsansa a wurin haske. Za ku ga layuka siri-siri a jere, wasu sun ɗago, tsakaninsu kuma akwai rami, kamar gonar da aka yi wa huɗa. A darasin nan layin da ya ɗago za mu kira shi kunya, ramin kuma kwari. A bisa kowace kunya akwai ƙananan ƙofofi a jere da gumi ke fitowa ta cikinsu.

Fata hawa biyu ce. Akwai ta sama, wadda muke gani muke taɓawa, akwai ta ciki, mai jini da jijiyoyi. A ƙasan ta saman, daidai inda suka haɗu, akwai wani shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da ba sa daina rabuwa. Sababbin ƙwayoyi suna tura tsofaffi sama, tsofaffin su bushe su zube, har cikin kimanin wata guda fatar saman ta sabunta. Tsarin zanen yana can ƙasa a mahaɗar nan, shi ya sa duk sabuwar fatar da ta fito da zanen da ya gabata take fitowa. Ƙujewa ko ƙaramin ƙuna ba ya canja shi. Sai yanka ya yi zurfi ya ratsa mahaɗar sannan tabo yake zama, kuma tabon ma yakan koma wata alama ta gane mai shi.

Zanen yana fara fitowa tun jariri yana ciki, wajen mako na 10, kafin wata na shida ya cika an gama shi. A 2023 wasu masana na Jami'ar Edinburgh, ƙarƙashin Denis Headon, sun nuna cewa kunyoyin suna tasowa ne daga wurare uku a kan yatsa: tsakiyar tudun yatsa, da bakin farce, da kusa da gaɓar farko. Daga kowane wuri layuka suna yaɗuwa, ɗaya bayan ɗaya, har su ci karo. Wanda ya riga tasowa da kusurwar da suka haɗu su ke yanke irin siffar da za ta fito. Gado yana da hannu a siffar gaba ɗaya, amma inda kowane layi zai tsaya ko ya rabu ya danganta da ƙananan abubuwan da suka faru a cikin mahaifa a waɗancan makonni, abin da ba ya maimaituwa. Shi ya sa Hassan da Husaini, ko da daga ƙwai ɗaya suka fito, zanensu ya bambanta. Yatsunka goma ma babu biyu da suka zo ɗaya.

Siffofin manya guda uku ne. Akwai madauki, inda layuka suke shigowa ta gefe ɗaya su lanƙwasa su koma ta inda suka fito, shi ne kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na yatsun mutane. Akwai naɗi, inda suke zagaye tsakiya, kashi 30 zuwa 35. Sai baka, inda suke shiga ta gefe su ɗan ɗago su fita ta ɗaya gefen, wajen kashi 5 kawai.

Gwaji na farko

Ku goga fensir a gefen takarda har wurin ya yi baƙi ƙirin. Ku murza cikin manunin yatsa a kan baƙin. Ku manna salatif a kan yatsan, ku ɓare a hankali, ku liƙa a farin wurin takardar. Yanzu kowa ya faɗi siffar da ya samu. Za ku ga masu madauki sun fi yawa a ajin nan, kuma wannan ya nuna siffa kaɗai ba za ta raba mutum da mutum ba.

Ku ƙara matsowa da takardar kusa da ido, ku bi layi ɗaya da bakin fensir. Wani wuri zai tsaya cak. Wani wuri zai rabu biyu. Waɗannan matsaya da mararraba su ne ainihin shaidar, kuma a yatsa ɗaya ana samun gomominsu. Francis Galton na Ingila ya yi bayaninsu a 1892, ya ƙiyasta cewa yiwuwar zane biyu su zo ɗaya kusan ɗaya ne cikin biliyan 64. Kafin shi, tun 1858, wani jami'in mulkin mallaka mai suna William Herschel ya fara sa mutane su dangwala hannu a takardun yarjejeniya a Bengal ta Indiya. A can Kalkata kuma wasu 'yan sanda biyu 'yan ƙasar, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, suka yi aikin lissafin tsarin jera zane da aka fara amfani da shi a 1897, ko da yake sunan ubangidansu Edward Henry tsarin ya ɗauka.

Abin da na'ura take gani

Na'urar da kuke gani a cibiyoyin rajista, mai gilashin da ke haskawa idan an ɗora yatsu, da wata ƙa'idar haske take aiki. Idan haske yana tafiya a cikin gilashi ya iso iyakarsa da iska, wani lokaci yana fita waje. Amma idan ya iso a karkace sosai, kusurwarsa ta wuce digiri 42 daga miƙaƙƙen layin da ya tsaya a kan fuskar gilashin, ba ya fita ko kaɗan, dukkansa yake dawowa ciki. A cikin na'urar akwai fitila da ke jefa haske a irin wannan karkata, da kyamara da ke jiran dawowarsa. Da ka ɗora yatsa, kunyoyi suna taɓa gilashin, kwari kuma ba ya taɓawa, iska ce a wurin. Inda iska take haske yana dawowa, kyamara ta ga fari. Inda kunya ta taɓa, iska ta kau, haske ya shige cikin fata ya watse, kyamara ta ga baƙi.

Ga kofin gilashi cike da ruwa. Ɗaya bayan ɗaya ku riƙe shi, ku leƙa ta sama cikin ruwan, ku dubi bangon kofin ta ciki. Bangon zai yi ƙyalli ba ku ganin komai ta bayansa, sai dai layukan yatsunku daidai inda suka danne gilashin. Ku sassauta riƙon, layukan su dushe. Ku ɗan jiƙa yatsa, su fito tar. Ku riƙe wannan abin da kuka gani da kyau, domin shi ne mabuɗin sashen da ya fi muhimmanci a darasin.

Kwamfuta ba ta tsaya ga hoton ba. Tana sirantar da kowane layi, ta nemo matsaya da mararraba, ta rubuta abu uku game da kowace: wurin da take, inda ta fuskanta, da irinta. Wannan jerin lambobi shi ake gwadawa da wani jerin, a ba da maki gwargwadon yadda suka dace. Ba a taɓa samun dacewa ɗari bisa ɗari, domin fata tana miƙewa, kuma ba ka ɗora yatsa sau biyu iri ɗaya. Don haka ake sa iyaka, makin da ya wuce ta a ce mutum ɗaya ne. Idan aka sassauta iyakar, na'ura za ta riƙa karɓar wanda ba shi ba. Idan aka tsaurara, za ta riƙa korar mai gaskiya. Babu inda za a sa ta a kuɓuta daga kuskuren biyu gaba ɗaya.

Ɗan lissafi

Me ya sa ake ɗaukar yatsu goma da hoton fuska, ba babban yatsa kaɗai ba? Lambar NIN ɗaya ce ga mutum har ya mutu, saboda haka duk sabon mai rajista sai an gwada shi da duk waɗanda suka riga shi. Masu NIN sun haura miliyan 100 tun 2023. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa na'ura tana kuskuren cewa yatsun mutum biyu ɗaya ne sau ɗaya cikin gwaji 100,000. Ku raba 100,000,000 da 100,000. Amsa 1,000 ce. Wato kowane sabon mutum za a ce ya yi kama da mutum dubu. Idan kuwa aka ce sai yatsa biyu sun dace, a ninka 100,000 sau 100,000, ya ba da biliyan 10, sai kuskuren ya koma sau ɗaya cikin masu rajista ɗari. A zahiri yatsun mutum ɗaya suna ɗan kama da juna, don haka ragin bai kai haka ba, amma kun ga hanyar. Kowane yatsa da aka samu ƙarin kariya ne, kowane yatsa da aka rasa kuma yana raunana shaidar mai shi.

Yatsun da na'ura ke kasa karantawa

A nan nake so mu daɗe, domin mutanen da suka fi kowa buƙatar wannan shaida su ne waɗanda na'ura ta fi wahalar karanta yatsunsu.

Dalili na farko bushewa ne. Kun gani a kofi, busasshiyar fata ba ta manne wa gilashi, iska tana saura a ƙarƙashin kunyar kanta, sai layukan su fito a gutsuttsure. Kwamfuta kuma duk inda layi ya yanke matsaya take ɗaukarsa, sai ta tara alamomin ƙarya. Wanda ke kwana a fili lokacin hunturu, ba mai ba bargo, fatar hannunsa tana bushewa har ta tsattsage, kowace tsaga kuma layi ne da ya gitta zanen. Akasin haka ma matsala ce: yatsa mai gumi da yawa yana cika kwari da ruwa, hoton ya fito dunƙulen baƙi.

Na biyu aiki ne. Dubi sana'o'in da marar matsuguni yake samu: leburancin gini, wanki da guga, wanke-wanke a gidan abinci, dako, tonon yashi, tsintar gwangwani a bola. Jiƙaƙƙen siminti yana da ƙarfin sinadarin alkali, dangin kanwa da soda, a ma'aunin pH yana kaiwa 12 zuwa 13, kuma irin wannan yana cin fata. Yashi da bulo suna goge kunyoyi har su yi sumul. Sabulun soda yana kwashe maiƙon fata. Na uku kuma tsufa ne, domin da shekaru fata tana yin siriri, kunyoyi suna kwantawa, tamoji yana ratsa su.

Na taɓa bin layi a wata cibiyar rajista bayan wani dattijo mai kwaɓa siminti. Tafin hannunsa fari fat, cikin yatsun sumul har suna ƙyalli. Ya ɗora, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, bai ɗauka ba, sake." Ya sake, ya danna da ƙarfi har gaɓoɓinsa suka yi fari. Danna da ƙarfi kuwa ƙara ɓata hoton yake yi, domin yana baje ɗan abin da ya rage na kunyoyin. Yarinyar nan ta san aikinta. Ta ce, "Baba, goga yatsun a goshinka, ka ɗora a hankali." Goshi da gefen hanci suna da maiƙo, cikin tafin hannu ba shi da shi. Da ya goga ya ɗora, wasu yatsun suka fito. Wannan ɗan ilimi shi ne ya raba komawa gida hannu rabbana da samun lamba.

Ku tuna abin da muka faɗa game da mahaɗar fata. Zanen da aiki ya goge bai mutu ba. Idan hannu ya huta daga siminti ko soda na 'yan makonni, ana shafa man kaɗanya ko basilin da dare, kunyoyin suna dawowa. Na san lebura ba zai iya ajiye aiki wata guda ba, abin da zai ci yau yake nema. Amma mai taimako zai iya sama masa safar hannu ta roba, ya ba shi man shafawa, ya zaɓi ranar zuwa rajista bayan kwanakin da ba aiki. Ranar zuwa a wanke hannu, a shafa mai kaɗan a goge, kada ya yi naso.

Akwai waɗanda hutu ba zai dawo musu da zane ba. Cutar kuturta, wadda likita Armauer Hansen na Norway ya gano ƙwayarta a 1873, jijiyoyin ji take kamawa. Yatsu ba faɗuwa suke yi ba kamar yadda ake faɗa. Mutum yana daina jin zafi ne, sai ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ƙaya ta soke shi bai ji ba, ciwo ya ruɓe, a hankali ƙashin ya narke yatsa ya gajarce. Cutar tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba shi kyauta, sai dai yatsan da ya tafi ba ya dawowa. Mun san da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah a bakin titi suke, bara ce abincinsu. Akwai kuma wasu iyalai ƙalilan a duniya, an samu a Suwizalan da Bangladesh, da ake haifarsu ba zane sam saboda canji a wata ƙwayar gado.

Ga irin waɗannan akwai mafita biyu. Ta farko ido ne. Zoben da ya kewaye ɗigon tsakiyar ido yana da zane na kansa, wanda John Daugman na Jami'ar Cambridge ya tsara hanyar mayar da shi lambobi a farkon shekarun 1990. Ana ɗaukar hotonsa da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke fito da zanen ko a ido mai duhu irin namu. Tsarin lambar shaida na Indiya mai suna Aadhaar, da ya ba da lambarsa ta farko a Satumba 2010, yana haɗa yatsu goma da idanu biyu da fuska. A Jodan 'yan gudun hijirar Siriya suna sayen abinci da duban ido. Amma idon da hakiya ta rufe shi ma ba ya karantuwa. Mafita ta biyu ita ce rajistar keɓewa: ma'aikaci ya nuna a kwamfuta cewa yatsa kaza babu shi, a ɗauki abin da ya samu. A Indiya har hoton mutum ake ɗauka ya ɗaga hannuwansa a ga nakasar. Ra'ayina a nan a fili yake. Idan na'ura ta kasa, gazawar ta na'ura ce, kuma ma'aikacin da ya sallami mai nakasa da "bai ɗauka ba" ya tauye masa haƙƙi. Mai rakiya ya nemi ganin shugaban cibiya cikin ladabi, ya tambayi hanyar da aka tanadar wa masu nakasa.

Yara ƙanana kuma zanensu cikakke ne, layukan ne suka yi ƙanƙanta ga na'urar da aka ƙera don manya. Shi ya sa Indiya ba ta ɗaukar yatsun yaro sai ya kai shekara 5, ta sake ɗauka a 15. Ga yaro, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce tushe, kuma almajirin da aka kawo birni ba tare da ita ba, da matsalar zai girma.

Abin da yatsa ba zai faɗa ba

Duk wannan kimiyya tambaya ɗaya take amsawa: shin wannan shi ne wanda ya zo jiya? Ba ta san sunanka ba, ba ta san garinku ba, ba ta san shekararka ba. Ranar rajistar farko dole mutum ya tsaya wa mutum. Cikin takardun da NIMC take karɓa akwai takardar rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da wasiƙar shaida daga basarake ko shugaban addini. Wannan ta ƙarshe ita ce ƙofar marar komai. Mai unguwa ko limamin da ya shekara yana ganin mutum a sahu zai iya rubuta masa.

Shekaru sukan ba da wahala, domin da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. Kada a yi gaggawar cike kowace lamba. A zauna da mutum a tambaye shi da abubuwan da kowa ya sani. An haife ka kafin rasuwar Sardauna a 1966? Kana da wayo lokacin da aka canja hannun tuƙi a 1972, ko da naira ta maye fam a 1973? Ina kake ranar da aka kashe Murtala a 1976, ko lokacin rikicin Maitatsine na 1980? Da irin wannan ake kusantar gaskiya. Haka rubutun suna: Muhammad da Mohammed da Muhammadu suna ɗaya ne a kunnenmu, a wurin kwamfuta kuwa mutum uku ne. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa a kowace takarda, domin gyara daga baya kuɗi ne da zirga-zirga, abin da talaka ba shi da shi.

Sai adireshi. A Faransa doka ta ba marar gida damar yin amfani da adireshin ofishin jin daɗin jama'a na garinsu, can wasiƙunsa suke zuwa. A Indiya an yi wa masu kwana a titi rajista da adireshin gidajen kwana na dare, wani sananne ya gabatar da su. A wurinmu abin da ya dace shi ne a rubuta wurin da in an je za a sami mutumin ko wanda ya san shi, masallaci ne ko tsangaya ko shagon da yake kwana a bakinsa, da yardar mai wurin. Kada a ƙirƙiri adireshi, ba da bayanin ƙarya laifi ne a dokar hukumar.

Wanda ya taɓa yin rajista takardarsa ta ɓata, kada a sake yi masa sabuwa. Lissafin da muka yi ɗazu zai kama shi a matsayin mai rajista biyu, abin ya ƙara cakuɗewa. Lambarsa tana nan a rumbun bayanai. Idan layin da ya yi rajista da shi yana hannunsa, a danna *346#. Idan babu, ya je cibiya a nemo masa. Da an samu, a rubuta lambar a wuri fiye da ɗaya, a ajiye kwafi wurin wani amintacce da shi ya zaɓa da kansa.

Akwai amana a wannan aiki. Lambar sirrin katin banki idan ta fita ana canja ta, zanen yatsa kuwa ba a canja shi. Akwai masu bin talakawa suna ba su ɗan kuɗi su karɓi lambarsu da hotonsu, su buɗe asusu su yi damfara da sunansu, ranar da aka zo kamu mai lambar za a nema. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan jiki cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Mai taimako ya nemi yardar mutum kafin komai, ya bayyana masa abin da za a ɗauka da amfaninsa, kuma kada ya riƙe lambar wani a wayarsa ba da saninsa ba.

Aikin gida

Na ɗaya, ku ɗauki zanen yatsunku goma da fensir da salatif, ku rubuta siffar kowanne, ku zagaye matsaya biyar da mararraba biyar a yatsa guda. Mako mai zuwa za mu haɗa na dukan aji mu ga ko kasonmu ya zo kusa da wanda na ba ku, bayan haka kowa ya yaga takardarsa. Na biyu, ku bayyana da zane dalilin da ya sa busasshen yatsa yake fitowa a gutsuttsure, jiƙaƙƙe kuma yake fitowa baƙi.

Na uku ba na maki ba ne, amma shi na fi so ku yi. Ku sami babanku ko yayanku ko malamin unguwa, ku tambaye shi ko akwai wanda ya sani a tasha ko kasuwa ko bakin masallaci da ba shi da NIN. Kada ku je ku kaɗai, babba ya shige gaba. A gaishe da mutumin yadda ya kamata, a tambaye shi ko yana so. In ya yarda, ku dubi hannunsa da ilimin da kuka samu yau, ku taimaka a nemi wasiƙar mai unguwa, a raka shi cibiya. Ku faɗa masa tun farko cewa rajistar NIN ta farko kyauta ce.